A Bankok Ba a Tambayar Fuska Labarin Zuciya

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, na raka wani ɗan uwanmu ɗan kasuwa cikin lungunan Pratunam, kasuwar tufafin nan ta Bankok da fataken Afirka suka daɗe suna sarin kaya a cikinta. Ya ba da aikin riguna dozin talatin, ya biya rabin kuɗi, an ce ya dawo Juma'a. Muka isa, babu riguna. Mai shagon ta haɗa tafin hannuwanta a ƙirji ta gaishe shi, ta yi murmushi. Ya tambaye ta yaushe za a gama, ta ƙara murmushi. Ya ce jirginsa ranar Litinin zai tashi, sai ta yi 'yar dariya ta sunkuyar da kai. Nan fa mutumina ya hau. A kunnensa dariyar nan raini ce tsagwaronta: ki karɓi kuɗin mutum, ki saɓa masa alkawari, sannan ki yi masa dariya? Ya daki kantar shagon da tafin hannu, ya ɗaga murya irin ta Kantin Kwari idan ciniki ya ɓaci. Layin ya yi tsit, har mai guga a shagon gaba ta ajiye dutsen gugarta. Matar ta shige ciki, ba ta sake leƙowa ba. Can sai ga wani yaro da ambulan, kafin alƙalamin ne cif, ko baht ɗaya bai yi ciwon kai ba. Muka zaga shaguna huɗu na layin muna neman wanda zai karɓi aikin. Kowa ya yi mana fara'a ya ce mai mi, wato babu.

Da daddare muka zauna cin abinci a unguwar Nana, a lungu na uku na titin Sukhumvit inda Larabawa da 'yan Afirka ke taruwa, sai gardama ta kaure tsakanin mutum biyu da suka ji labarin. Ɗaya wani Alhaji ne dattijo da ya yi shekaru masu yawa yana kai da komo tsakanin Bankok da kasuwar duwatsu masu daraja ta Chanthaburi. Ɗayan matashi ne, malamin makaranta a wani lardi na arewa maso gabas. Daga baya na gane cewa gardamar tasu ba tamu ba ce mu kaɗai. Ita ce Turawa 'yan fansho ke yi a Pattaya da Chiang Mai, ita ce malaman Ingilishi ke yi a ɗakin hutun malamai, kowa da harshensa. Baƙon da ya zauna cikin mutanen Tailan, shin ya lanƙwasa ne ya koyi haɗiye magana da murmushi yadda suke yi, ko kuwa ya riƙe halinsa ya faɗi abin da ya gani ko da zai yi ɗaci?

Alhajin bai yi wata-wata ba, ya ce laifin na ɗan uwanmu ne daga farko har ƙarshe. Dariyar da matar ta yi, in ji shi, dariyar kunya ce, ban haƙuri ne da ba a furta da baki ba. Tun ranar da ta karɓi aikin mai yiwuwa ta san Juma'a ba za ta yiwu ba, amma kallon mutum ido da ido a ce masa a'a abu ne mai nauyi a wurinsu. Suna da kalma ta musamman, kreng jai, nauyin da kake ji na kada ka ɗora wa wani wahala, ko ka ba shi kunya, ko ka ɓata masa rai. Jai zuciya ce a harshen Tai, kuma rabin tarbiyyarsu a kanta aka rataye shi: jai yen sanyin zuciya, jai ron zafin zuciya, nam jai ruwan zuciya, wato karamci. Wanda ya ɗaga murya a bainar jama'a ya nuna zafin zuciya, ya zubar da girmansa, ya kuma jawo wa wanda ya yi wa ihun abin da suke kira sia na, asarar fuska. Da an yi asarar fuska kuwa, ciniki ya mutu. Abin da ya sa maƙwabtanta huɗu suka ce babu ke nan. Ba ita kaɗai aka daka wa tsawa ba, layin aka daka wa.

Abin da ya fi ba Alhajin haushi shi ne a ce Bahaushe ne ya kasa gane wannan. Bature ya kasa, ai da uzurinsa. Mu fa? Mu da muke da kara da kawaici da alkunya, mu da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mu da baƙo ke cewa alhamdu lillahi ya ƙoshi alhali cikinsa na ƙugi, mu da za a roƙi mutum abu ya ce bari ya duba, kowa kuma ya san ya ƙi ne. Ya tuna mana da telan Sallah, wanda ba ya taɓa cewa ɗinkinka ba zai samu ba, sai dai ya ce ka dawo bayan la'asar. Bambancin kawai shi ne mu mun ware wa kara muhallinta: gaban surukai, gaban iyaye, gaban malamai. Da mun shiga kasuwa ko tasha sai mu tuɓe ta mu rataye. Su kuwa da ita suke shiga kasuwa, da ita suke shiga ofis, har kan titi. Duk wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson Bankok ya san abin mamakin nan: motoci jere iya ganinka, awa guda ba a motsa ba, amma da ƙyar ka ji hon.

Na yarda da shi a nan, domin na gani da idona yadda ƙofofi ke buɗewa ga wanda ya koyi 'yan abubuwa kaɗan. Ka tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Kada ka dafa kan mutum, ko da wasa ne, domin kai shi ne mafi daraja a jiki. Kada ka nuna abu da ƙafa, kada ka tsallake wanda ke zaune, kada ka taka kuɗin da iska ta kwashe maka tunda hoton sarki na jiki. Idan sabon sani ya tambaye ka shekarunka ba shisshigi ba ne, so yake ya san ko zai kira ka phi, wato yaya, ko nong, ƙane, saboda ba a magana a sarari haka kawai sai an san wane ne babba. Idan maƙwabciya ta tare ka da kin khao rue yang, ka ci shinkafa ko tukuna, gaisuwa ce kamar yadda muke tambayar gajiya, ba gayyatar walima ba. Harshensu ma mai karin sauti ne, biyar gare su, kuma kunnen Bahaushe da ya saba da karin sauti ya riga na Bature nisa a wannan hanya.

Sai kuma hujjar tarihi, wadda nake ganin ta fi sauran nauyi. Tailan, da ake kira Siyam kafin 1939, ita kaɗai ce a yankin kudu maso gabashin Asiya da Turawa ba su yi wa mulkin mallaka ba. Ingila na Bama da Malaya, Faransa na Laos da Kambodiya, sarakunan Siyam, musamman Mongkut da ɗansa Chulalongkorn, suka yi ta lallaɓa ɓangarorin biyu, suna sakin yankuna a gefe-gefe don tsira da cibiya. Sakamakon haka babu wani harshen Turawa da ya zama na hukuma, babu tsarar da ta tashi tana ganin al'adar baƙo ta fi tata. Suna da haruffansu, suna da lambobinsu, shekararsu ma ta addinin Buddha ce da ta riga ta Miladiyya da 543. Baƙon da ya saba a wasu ƙasashe ana karkata masa kunne don kawai ya zo daga waje, nan sai ya iske ba a san da wannan ba. Ƙarfe takwas na safe da shida na yamma ana sa taken ƙasa a tashoshi da wuraren shaƙatawa. Ranar farko da ya riske ni a tashar jirgin ƙasa na sama, sai na ga dubban mutane sun ƙame kamar an dasa su, mai share dandamali da tsintsiyarta a hannu, ɗalibai da jakunkuna a baya, ni kaɗai nake tafiya ina jin ƙarar takalmina. Ba wanda ya harare ni. Rashin hararar ce ma ta tsayar da ni.

Masu wannan ra'ayi suna da misalin abin da ke faruwa idan baƙo ya manta shi baƙo ne. A watan Fabrairun 2024, a tsibirin Phuket, aka zargi wani ɗan Suwizalan da harbin wata likita da ƙafa saboda ta zauna a matakalar da ke gaban gidansa a bakin teku. Ƙafa, kuma mace, kuma likita. Mutanen gari suka yi dafifi a bakin tekun, hukuma ta gano matakalar ma a filin jama'a aka gina ta, aka rushe ta, aka soke masa izinin zama. Sanyin zuciyar nan yana da iyaka, kuma idan aka kai iyakar ba a yin gargaɗi na biyu.

Malamin ya saurari duk wannan yana juya cokali a kofin shayi. Da Alhaji ya numfasa sai ya ce, “Baba, duk abin da ka faɗa haka yake, amma kai saye kake ka tafi. Ni a ciki nake kwana.”

Hujjarsa ta farko daga aji ta fito. Ya gama darasi, ya tambaya ko an gane, yara arba'in su gyaɗa kai da murmushi. Ranar jarrabawa ya iske ba wanda ya gane, kuma ba wanda ya tambaya, domin tambaya na nufin malam bai iya bayani ba, wannan kuwa asarar fuska ce ga malam. Idan yaro ya faɗi, sai a nemi a sake masa gwaji har ya haye, kada iyaye su ji kunya, kada makaranta ta ji kunya. A taron malamai shugaba ya kawo tsarin da kowa ya san ba zai yi aiki ba, a yi shiru, a fita, a yi ta ƙorafi a wurin cin abinci. Ya ce kawaicin da ke hana ƙaramin ma'aikaci gaya wa babba cewa ga rami a gabansa, wannan ba ladabi ba ne, sakaci ne da aka yi wa kwalliya. Matar Pratunam ma, da ta ce masa tun farko sai bayan kwana goma, da ya kai aikinsa wani wuri. Kunyarta ta ci masa kuɗin canza tikiti. Wa zai biya?

Hujja ta biyu ita ce, ko ka lanƙwasa har goshinka ya taɓa ƙasa, ba za ka zama ɗan gida ba. Doka ce ta faɗi haka, ba zato ba. Baƙo ba ya mallakar fili. A dogon benen gidaje, rabon baƙi ba ya wuce kashi 49 cikin ɗari. A yawancin sana'o'i ba ya riƙe rinjayen hannun jarin kamfani, kuma kafin kamfani ya samar wa baƙo ɗaya izinin aiki, a ƙa'ida sai ya ɗauki 'yan ƙasa huɗu. Akwai sana'o'in da aka haramta masa ɗungurungum, irin su aski, da jagoran 'yan yawon buɗe ido, da talla a titi. Duk kwana 90 sai ya sanar da hukumar shige da fice inda yake kwana, ko da ya shekara ashirin a gida ɗaya da mata da 'ya'ya 'yan ƙasa. Idan ya makara, tarar baht 2,000. Mai gidan da ya sauke shi kuma wajibi ne ya kai rahoto cikin awa 24, bisa dokar 1979 da aka tsananta aiki da ita a 2019 har baƙi suka yi ta kuka. Ɗan fansho sai ya kai shekara 50, ya kuma ajiye baht 800,000 a banki ko ya nuna yana samun 65,000 a wata. Izinin zama na dindindin, mutum ɗari kacal ake ware wa kowace ƙasa a shekara.

Sai farashi biyu, abin da baƙi suka fi yawan ambata. Shiga gandun dajin Khao Yai baht 40 ne ga ɗan ƙasa, baƙo kuwa ya biya ninkin haka sau da yawa. Babbar Fadar Bankok kyauta ce ga ɗan ƙasa, baƙo ya biya 500. Abin da ke ci wa malamin rai ba kuɗin ba ne. A wurare da dama farashin baƙo ana rubuta shi da lambobin da kowa ya sani, na ɗan ƙasa kuma da lambobin Tai, don kada baƙon ya lura. Shi da ya koyi karatun harshen, yana biyan haraji daga albashinsa, sai ya tsaya gaban allo yana karanta duka biyun, mai sayar da tikiti tana masa murmushi.

Hujja ta uku ce ta sa teburin ya yi shiru. Ya ce a ƙasar nan haɗiye magana ba al'ada ce kaɗai ba, akwai kurkuku a bayanta. Ɓata suna laifi ne na hukunci, idan ta hanyar wallafawa ne yana kai shekara biyu, kuma gaskiyar abin da ka faɗa ba kullum take fid da kai ba. A 2020 wani Ba'amurke mazaunin ƙasar ya yi saɓani da wani otal a tsibirin Koh Chang, ya rubuta munanan sharhi a intanet, aka kama shi, ya kwana biyu a tsare, sai da ya nemi gafara a rubuce aka janye ƙarar. Andy Hall, ɗan Birtaniya mai fafutukar haƙƙin ma'aikata, ya taimaka wajen wani rahoto na 2013 kan halin da 'yan Bama ke ciki a wata masana'antar abarba. Aka same shi da laifi a 2016, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a 2018, bayan ya riga ya bar ƙasar. Sama da duka akwai sashe na 112 na dokar laifuka, mai hukunta taɓa martabar sarauta da ɗaurin shekara 3 zuwa 15 kan kowace tuhuma, kuma bai ware baƙo ba. Harry Nicolaides, marubuci ɗan Ostareliya, an yanke masa shekara uku a 2009 kan 'yan layuka a wani ƙagaggen labari da kusan ba wanda ya karanta, kafin sarki ya yi masa afuwa. Da malamin ya zo nan sai ya sassauta murya da kansa, ya waiwaya. Wannan waiwayen ma hujja ce.

Ya ƙare da tambayar da ta fi shafarmu: wane baƙon ake magana? Bature farang ne, kalmar da take kuma nufin gwaba, kuma ko ana yi masa dariya a bayan ido ana buɗe masa ƙofa. Balarabe da Ba'indiye khaek ne, asalin ma'anar kalmar ma baƙo, amma ba kullum ake faɗinta da daɗin baki ba. Miliyoyin 'yan Bama da Kambodiya da Laos da ke gina benayen Bankok, suke ɓare jatan lande a Samut Sakhon, su ba a ma lissafa su idan ana hirar zaman baƙunta. Baƙar fata kuwa yana fama da ƙasar da ta ɗauki hasken fata a matsayin ado da alamar gata, har a 2016 wani kamfanin kayan kwalliya ya fitar da talla mai cewa fari kaɗai ya isa ya ba mutum nasara, sai da aka yi caa ya janye ya nemi afuwa. A 2018 'yan sanda sun yi ta kai samame kan baƙi marasa takardu, unguwar da muke zaune na cikin wuraren da aka fi dira, masu kare haƙƙi suka yi ta cewa launin fata ake bi. Dole a faɗi gaskiya, wasu 'yan uwanmu masu damfarar soyayya da safarar ƙwaya su suka shafa wa kowa kashin kaji. Amma mai gaskiyar da aka tsayar sau uku a mako ana neman fasfonsa, idan ya yi murmushi, ba kreng jai yake yi ba. Tsoro yake ji.

Na daɗe ina auna maganganun nan biyu, kuma ban ga sun yi kunnen doki ba. A wasu wuraren malamin ya yi rauni. Kukan farashi biyu, alal misali, bai cika kama ni ba. Indiya na yin haka a Taj Mahal, Masar na yi a dalar Giza, kuma wanda ya taɓa ganin yadda ake yanka wa baƙo farashi a kasuwanninmu da zarar an ji harshensa, ya kamata ya yi ƙasa da murya. Ƙasar da baƙi kusan miliyan 40 suka shiga a 2019 kaɗai tana da dalilin sauƙaƙa wa talakanta ganin dajinsa. Mazaunin da ke biyan haraji yana da haƙƙin a duba lamarinsa, wannan na yarda, amma gyara ne ƙarami. Dokar fili ma haka. Da an sake ta, da bakin tekun Phuket da Samui tuni sun zama na masu dala da yuro, jikokin masunta suna leƙe ta katanga. Baƙo na iya jin zafinta, amma ba zalunci ba ce.

Inda Alhajin ya yi rauni kuwa shi ne ɗaukar da ya yi cewa mutanen Tailan duk bakinsu ɗaya kan shirun nan. Ba haka ba ne. A 2020 ɗalibai dubbai sun cika titunan Bankok suna neman sauyi, har da 'yan sakandare da suka yi bore kan dokar aski da kayan makaranta da dukan malamai. A zaɓen Mayun 2023 jam'iyyar Move Forward, wadda ta yi alkawarin gyara sashe na 112, ita ta fi kowa kujeru, 151 cikin 500, kafin kotun tsarin mulki ta rushe ta a Agustan 2024. Wato gardamar da muke yi a Nana, 'yan ƙasar na yin wadda ta fi ta zafi a tsakaninsu, wasunsu ma sun biya da 'yancinsu. Baƙon da ke cewa ai haka al'adarsu take a bar su, sau da yawa ba ya lura cewa ya ɗauki ɓangare ne a rigimar cikin gida, ɓangaren manya. Sai dai wannan bai ba shi lasisin hawa mumbari ba. Rigimar tasu ce, kuma wanda ke da tikitin komawa gida a aljihu bai kamata ya fi masu gida zaƙewa ba.

Abin da ya fi daidaita mini tunani shi ne labarin kogon Tham Luang. Ranar 23 ga Yunin 2018 yara goma sha biyu 'yan ƙwallo da kocinsu suka maƙale a cikinsa bayan ruwa ya toshe hanya. Akwai wani ɗan Birtaniya, Vern Unsworth, da ke zama a yankin Chiang Rai, ya shafe shekaru yana binciken kogon. Ya ga cewa aikin ya fi ƙarfin waɗanda ke wurin, domin nutso a kogo fanni ne daban da nutso a teku. Faɗin haka ga manyan jami'ai da sojojin ruwa, a ƙasar da ake tsoron asarar fuska, ba ƙaramin abu ba ne. Bai yi shiru ba. Ya rubuta sunayen ƙwararrun da ya sani a takarda, ya miƙa wa hukuma ya ce a kira su yanzu. Aka kira. Ranar 2 ga Yuli biyu daga cikinsu, John Volanthen da Rick Stanton, suka iske yaran da rai, zuwa 10 ga wata an fito da kowa, bayan tsohon sojan ruwa Saman Kunan ya rasa ransa a aikin. Maganar mai ɗaci ce, amma ta bi ta hannun wanda zai iya yanke hukunci, ta kuma bar masa damar ya zama shi ne ya yanke. A gefe guda manoman yankin suka bari aka malalo ruwan kogon cikin gonakinsu na shinkafa, mata suka yi ta dafa abinci kyauta, wasu suna wanke kayan masu ceto. Nam jai ke nan, kuma daga tushe ɗaya ta fito da kunyar matar Pratunam. Ban ga yadda za a tumɓuke ɗaya a bar ɗaya ba.

Don haka a ganina Alhaji ya yi gaskiya kan murya da fuska da wuri, malam ya yi gaskiya kan cewa akwai maganar da ba a haɗiyewa. 'Yan ƙasar ma suna faɗin a'a, sai dai ta bayan gida take shigowa: a keɓe, ko ta bakin wani na uku da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa, ko a sigar tambaya. Musulmin ƙasar, waɗanda suka kai wajen kashi biyar cikin ɗari, suka kuma fi yawa a Pattani da Yala da Narathiwat da Satun, sun daɗe da sanin inda ake lanƙwasawa da inda ake tsayawa. Za ka ga mai sayar da khao mok kai, dafa-dukar shinkafa da kaza, da ɗan kwalinta, tana gaisawa da maƙwabciyarta cikin fara'a, alhali a ƙofar maƙwabciyar ga ɗan ƙaramin gidan iskoki an ajiye masa jan Fanta da tsinken tsotso a ciki. Ba ta taɓa ajiye komai a wurin ba, ba ta kuma taɓa yin tsaki ba. Daga cikin Musulmin nan aka sami Surin Pitsuwan da ya yi ministan harkokin waje, da Wan Muhamad Noor Matha da aka zaɓa shugaban majalisa a 2023. Rikicin kudu mai nisa da ya ci dubban rayuka tun 2004 yana nan yana tuna wa kowa cewa zaman bai gama daidaita ba.

Ɗan uwanmu dai ya ɗaga tafiyarsa. Ranar Litinin ɗin da ya kamata ya tashi, Alhaji ya tasa shi gaba muka koma Pratunam, da ledar mangwaro da lemo a hannunsa. A hanya ana ta koya masa kho thot khrap, wato ban haƙuri, ya maimaita ya fi sau ashirin a cikin tuk-tuk, direban na kallonmu ta madubi. Alhaji ya fara shiga shi kaɗai, ya kira matar phi duk da ya girme ta, suka yi 'yan maganganu ƙasa-ƙasa. Sannan aka yafito mutumina. Ya haɗa hannuwa, ya faɗi abin da aka koya masa, karin sautin duk ya karkace. Ta karɓi ledar da hannu biyu ta ce mai pen rai, ba komai, ta yi murmushi irin na ranar Juma'a sak. Bayan kwana tara riguna suka fito, ɗinki tsaf, dozin talatin ba ko ɗaya da ta yi tawaya. Da ya duba rasit sai ya ga an ƙara baht biyar a kan kowace riga. Ya buɗe baki, Alhaji ya taka masa ƙafa a ƙarƙashin kanta. Ya biya. Har muka rabu a filin jirgin Suvarnabhumi yana tambayata ko yadi ne ya yi tsada a makon, ko kuwa kuɗin ihunsa aka caje shi.